Ladanin da Ya Ƙi Kira

Lahadi, 15 ga Yuni, bayan la'asar

Ruwan shuka ya sauka jiya, alhamdu lillahi. Na tsinci ragowar littafi cikin kayan makaranta, na ce bari in riƙa zuba magana a ciki, tunda bakina bai iya zama shiru ba, gidan kuma yanzu ba na surutu ba ne. Ni Rashida, malamar aji uku, wadda ake jin muryarta tun daga bakin titi, yau ni ce ke magana ƙasa-ƙasa a tsakar gidana.

Mu huɗu ne yanzu. Ni, da maigidana Armiya'u, littafina ne ai, in na ga dama in rubuta sunansa. Sai Baba, sai Mubaraka matar ƙanena Kamilu, autanmu. Kwana ashirin da huɗu ke nan tun waccan Alhamis ta kasuwar Shinkafi, ranar da 'yan ta'adda suka tare motarsa a hanya suka kashe shi. Bayan sadakar bakwai maigida ya je ƙauyenmu can gefen Gurbin Bore ya taho da su nan Kaura. Mubaraka tana takaba, ga ciki wata takwas. Baba kuwa riga biyu ya zo da su, da butarsa, da ƙullin irin gero a tsumma.

Abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba shi ne ina jin daɗin zuwansu. Allah Ya yafe mini. Rabon da in tuƙa wa Baba tuwo da hannuna tun kafin rasuwar Inna. Yau ya cinye malmala guda da miyar kuka, har ya ce gishiri ya yi yawa. Wallahi sai na ji sanyi a raina, don mai ƙorafin gishiri bai gama da duniya ba.

Talata, 17 ga Yuni, bayan magariba

Na dawo makaranta na tarar Baba ya share kangon bayan gida, ya aro sungumi yana sara. Ya ce in zo in zuba iri. Na tuɓe takalmi na bi bayansa, ina zubawa ina rufewa da diddige kamar da.

"Malamar boko, ƙwara nawa kike sawa? Ƙidaya kikai? Ɗebo da yatsu ukku ki zuba, ba ki san wanda za shi hita ba."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ƙamshin ƙasa ya cika mini hanci.

Muna cikin haka ladanin unguwarmu ya kira la'asar da lasifika. Baba ya dubi inuwar katanga, ya ja tsaki, ya ce yaron ya yi gaggawa, da sauran taku guda. Shekara talatin da huɗu Baba yana ladanci a ƙauye, bai taɓa ɗaura agogo ba. Inuwa yake aunawa da ƙafa, da asuba kuma ya dubi gabas. Ba shi da lasifika, amma matan da ke bakin rijiya da muryarsa suke sanin lokacin ɗora tukunya. Tun waccan ranar bai ƙara kira ba. Na ɗauka maƙogwaro ne.

Alhamis, 19 ga Yuni, da safe

Motocin kasuwa sun wuce tun da sassafe. Na rufe taga.

Asabar, 21 ga Yuni, bayan azahar

Ashe ba maƙogwaro ba ne.

Wasu 'yan Zurmi sun zo gaisuwa. Ina bayan ƙofar zaure ina miƙa ruwa, na ji sun yi addu'a mai tsawo, kowa yana amin, amin. Muryar Baba ce kawai babu. Da suka ce masa ya haƙuri, sai ya ce, "Kun sha hanya." Na tsaya na tuna, ashe tun zuwansa ban ji amin a bakinsa ba. Salla yana yi, ko ɗaya ba ta wuce shi, amma da ya sallame sai ya naɗe buzu, ba ya ɗaga hannu.

Da baƙi suka tafi na durƙusa na tambaye shi. Sai ya ce:

"Salla umurni ta, ni kau bawa na, ina yi. Amma kira gayyata ta. Shekara da shekaru ina hawa tudun masallaci ina ce ma mutane su taho ga tsira. Ran nan da asuba ni niy yi kira. Auta ya ji, ya taho, ya yi salla kusa gare ni, ya ɗau makullin mota. To ina tsirar? In da mutum na yay yi min haka, Rashida, ko gaisuwa ba mu ƙara yi."

Na ce, "Subhanallahi, Baba, Allah ai ba mutum ba ne."

"Shi nike hwaɗi. Ya hi mutum. To wanda yah hi ka komi, ba Shi ya kamata Ya hi ka tausai ba?"

Ni da nake amsa tambayar yara sittin kullum, sai na kwashe kofuna na koma ciki.

Talata, 24 ga Yuni, bayan la'asar

Geron ya tsiro, layi-layi, kore shar. Kaji sun so su yi mana ta'adi, Baba ya kafa ƙaya ya zauna gadi da sanda kamar mai tsaron banki.

Muna zage zogale ni da Mubaraka, sai ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. Ɗan banza ya harbe ni! Muka yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta tun zuwanta. Sai kuma ta sunkuyar da kai.

"Yaya Rashida, marigayi ya ce mini ko mace ko namiji, muryar Baba za ta fara shiga kunnensa. Ya ce shi ma ita ya fara ji a duniya. Har rantsar da ni ya yi, muna wasa."

Haka ake yi a gidanmu. Da an haihu, kafin a kai jariri ko'ina, Baba zai karɓa ya yi masa kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, ya raɗa masa suna. Ni ma haka ya yi mini. Mubaraka ba ta iya ɗaga ido ta dubi surukinta, balle ta roƙe shi, don haka ni aka aika. Na je na faɗa masa yana gadin kaji.

"A kira Magaji," in ji shi. Malam Magaji limamin unguwarmu ne, tare suka yi karatun allo a Zurmi suna yara.

Na kawo mata amsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "To, zan jira shi." Yarinyar nan shiru-shiru ce, amma na lura in ta kafe ko jaki albarka.

Alhamis, 26 ga Yuni, da safe

Alhamis kuma. Na yi ta share tsakar gida har na makara.

Asabar, 28 ga Yuni, da hantsi

Maigida ya ce mutane sun fara magana a masallaci, wai tsohon ba ya shafa fatiha. Ya ce in yi masa magana. Na ce su waye mutanen? A kawo mini sunansu in je in ga wanda aka miƙo wa hular ɗansa a leda. Ya ce Allah Ya ba ki haƙuri, ni dai faɗa na yi.

Bawan Allah, ba shi da laifi. Da ya fita shagonsa na ɗinki na ɗaga matashinsa zan sake riga, sai ga 'yan riguna uku na jariri, ya haɗa da ƙyallayen shadda, har da aljihu. Me jariri zai sa a aljihu? Na mayar na rufe kamar ban gani ba.

Talata, 1 ga Yuli, bayan azahar

Yau arba'in. Na nemi izini a makaranta. An yi waina da gumba, an raba, an yi addu'a a zaure. Ana shafawa Baba ya sulale ya koma bayan gida. An yi ruwa jiya, ƙasa ta yi laushi, ya ce yau ce ranar cira. Kowane rami ya fito da tsiro bakwai ko takwas, dole a rage a bar uku, in ba haka ba su kashe juna.

Malam Magaji ya bi shi har can, ya tattare babbar riga ya tsuguna. Ni kuma na fake da wanke tukunya.

"Nuhu, dubi hannunka. Wannan da ka cire yanzu, me ya yi maka? Lafiyarsa ƙalau. Amma kai ka san abin da bai sani ba. In gero bai tuhume ka ba, kai wane ne da za ka tuhumi Mai sama? Ma'auninmu na kasuwa ne, ba ya ɗaukar Sa."

Na ce a raina, yauwa, Malam ya kama shi. Baba ya karkaɗe tsiron a hankali, bai bar ƙasar saiwar ta zube duka ba.

"Magaji, tun muna yara ka hi ni baki. To ji. Ni jahili na. Ban san wanda za shi hita ba, shi yas sa nike zuba da yawa rami guda, in dawo in rage. Shi da Yas san komi tun ba a shuka ba, mi Yaka ragewa? Kuma ni in na cire, ba yasuwa nikai ba." Ya nuna wani rami da bai tsiro ba, ya huda da yatsa, ya dasa. "Ka gani? Wuri nike sake mai."

Malam ya yi murmushi ya ce, "To wa ya ce maka Shi ma ba wuri Ya sake masa ba?"

Baba ya ce, "Ni ina ganin inda nid dasa nawa."

Ba wanda ya ka da wani. Abin mamaki, daga nan sai suka koma hirar wani malaminsu mai bulalar tsamiya, suna ƙyaƙyata dariya, Malam yana miƙo tsiro Baba yana dasawa. Ya tafi da taɓo a gwiwar wandonsa. A bakin ƙofa ya ce mini, "Kada ki matsa masa, 'yata. Mutum ba ya fushi da wanda ya fid da rai da shi."

Alhamis, 3 ga Yuli, da safe

Dashen Baba duk sun kwanta. Ya ce haka suke yi, a ba su kwana uku.

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Na yi abin kunya yau.

Ladaninmu mura ta kama shi, murya ta dishe. Dattawa biyu suka zo har gida suka ce ga gwani a unguwa, Malam Nuhu ya taimaka da azahar. Baba ya ce su nemi wani. Aka sa wani mai shago ya yi, ya riƙa jan harafi kamar ana yanka akuya. Ina kallon Baba, leɓensa yana motsi yana gyara masa, amma ko tari bai yi ba. Mubaraka tana ƙofar ɗaki tana kallonsa ita ma. Na ga ta juya ta shige ta saki labule.

Sai raina ya ɓaci. Na tsaya a kansa, ko durƙusawa ban yi ba.

"Baba, kai kaɗai ka yi rashi? Ni na goye shi! Bayana har yau da tabon inda ya cije ni. Ni ma ina da tambaya, tuli guda, amma ban ɗora wa marayan da ko fitowa bai yi ba. Rigimarka da Ubangijinka ce, me yarinyar nan ta yi maka? Abu ɗaya mijinta ya bar mata, shi ma sai ka hana ta?"

Maigida ya fito yana cewa ke, ke, Rashida. Baba bai ɗago ba. Ya ce, "In yi ma jinjiri alkawalin da ban tabbata ba? Ƙarya za ta zam abin da yah hwara ji?"

Na shige madafi na yi kuka na ƙoshi, na ce hayaƙi ne.

Litinin, 7 ga Yuli, bayan magariba

Da asuba na je gaishe shi ina jan ƙafa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Uwar hwaɗa, an tashi lahiya? Halin Innarki dut ke kinka kwashe." Ya ja ni bayan gida ya nuna mini dashensa. Sun miƙe, in ban da guda biyu.

Ni ba malamar tauhidi ba ce. Na yi ta juya maganar a hanyar makaranta. In na ce Allah sai Ya yi yadda ni Rashida nake ganin daidai, to na mai da Shi ɗan ajina ke nan. In kuma na ce tausayinSa wani abu ne daban da ba ya kama da wanda na sani ko kaɗan, to me nake nufi in na kira Shi Mai rahama? Wa ya koya mini tausayin in ba Shi ba? Na kasa haɗa su. Na iso makaranta, yara suka taso da gudu suna rige-rigen karɓar jakata, sai na ji ina godiya, ban ma san ta mece ce ba.

Alhamis, 10 ga Yuli, da safe

Na bar tagar a buɗe. Ba don komai ba, zafi ake yi.

Lahadi, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Cikin Mubaraka ya sauka. Inna Gimbiya ungozoma, maƙwabciyarmu, ta duba ta ce ko yau ko gobe. An tara itacen wankan jego, maigida ya kawo sabuwar tukunya. Ya kuma fito da rigunan nan yana wani basarwa, wai wani ne ya ba da ɗinki bai dawo ba. Na ce Allah sarki, mai aljihu ma?

Gero ya kai gwiwar Baba. Mun zauna a inuwa mu huɗu mun sha fura da nonon da wata Bafillatana ta kawo, iska tana kaɗawa. Ba wanda ya ambaci komai. Rana ce mai daɗi, na rubuta don kada in manta an yi ta.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Wannan kam sai na rubuta.

Naƙuda ta tashi bayan asuba. Muna shirin neman mota zuwa asibiti Inna Gimbiya ta ce ina, kai ya riga ya taho. Wajen ƙarfe goma ya faɗo, namiji, da baki kamar na gwaggonsa. Aka yanke cibi, aka goge shi, aka naɗe. Maigida ya ruga ya zo da Malam Magaji, suka tsaya a tsakar gida. Baba yana bayan gida cikin geronsa tun da ya ji kukan farko.

Na miƙa hannu in karɓi yaron in kai wa Malam. Mubaraka ta ƙanƙame shi. Inna Gimbiya ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Sai yarinyar nan da ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba ta ɗaga murya daga kan gado, har bayan gida ana ji.

"Baba! Ga baƙonka ya iso. Ba ya jin kowa sai kai."

Malam Magaji ya koma gefe ya zauna kan turmi, ya ce shi yau kallo ya zo.

Muka ji ana zuba ruwa daga buta. Baba ya fito da alwala a fuska, ƙafa duk taɓo, ya tsaya a ƙofar ɗaki. Na ɗauko yaron na sa masa a hannu. Ya daɗe yana kallonsa. Goshin ubansa ne, na sani, ni ma na gani. Ya kai baki kunnen dama, ya fara a hankali yadda ake yi wa jarirai, Allahu Akbar, da ƙyar nake ji. To amma muryar da ta shekara talatin da huɗu a kan tudu ba ta san raɗa ba. A ta biyu ta ɗaga. Kafin ya kai shahada ya ɗago kai daga kunnen yaron ya rufe ido, ya sake ta gaba ɗaya, wallahi har kwanon rufi yana amsawa. Da ya zo wurin ku taho ga tsira sai ta karye. Ya tsaya, ya sake ɗauka, ya kai ƙarshe.

Mu duk mun manta a wane zamani muke. Kiran salla da hantsi, a ƙasar nan, kowa ya san abin da yake nufi: an kawo hari. Sai ga unguwa ta hautsine. Mata suna ƙwala wa 'ya'yansu kira, ana buga ƙofofi, masu shago suna ja da ƙyaure. Maza suka faɗo mana gida da sanduna da taɓare, har ladaninmu da murfin tukunya a hannu, suna ta ina suke, ta ina suka shigo? Suka tarar da tsoho da jariri a hannu, da liman a kan turmi yana dariya hawaye na zuba cikin gemunsa.

Inna Gimbiya ta leƙo ta ce, "Ga ɗan ta'addan nan, kilo uku ne, ku kama shi!" Ta rangaɗa guɗa. Wanda ya zo da taɓarya ya ajiye, aka koma barka, barka. Wata tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana kuka, tana cewa kun kashe ni.

Baba ya yi iƙama a kunnen hagu, wannan karon a hankali, ya raɗa suna. Ban tambaya ba. Kamilu ne. Kamilu. Na rubuta, ga shi nan. Audi za mu riƙa kiransa, kamar kowane yaron da bai tarar da ubansa ba.

Da mutane suka watse Malam ya ce, "To Nuhu, an shirya ke nan?"

"Ban gama da Shi ba," in ji Baba. "Tambayata tana nan. Amma wanga yaro ba shi cikin rigimarmu."

Malam ya ce ya ji, ya ɗaga hannu ya yi wa yaro addu'a, muka shafa. Ina satar kallon Baba. Hannunsa biyu suna ƙarƙashin jariri, ba halin ɗagawa. Sai ya ɗaga kai sama, ya yi magana yadda yake yi wa maƙwabcin gona in sun saɓa a kan iyaka.

"Ramin nan guda ɗai yar rage a ciki. Wanga kam, kak Ka cire shi."

Daga cikin ɗaki Mubaraka ta ce amin. Na ce amin. Baba ya sunkuya ya gyara wa yaron zane, sannan shi ma ya faɗa.